Shawarwari ga mai fara ɗaukar jakar ɗan wasan golf

Waɗanda suka daɗe a wannan aiki sun fi nanata abu guda, wato sabon shiga ya isa fili da wuri, ya ƙidaya sandunan da ke cikin jakar kafin a fara, domin doka ba ta yarda su wuce 14 ba, kuma duk kuskuren da mai ɗaukar jaka ya yi, ɗan wasan ne ake hukuntawa. Sun ce ramuka 18, wato cikakken zagayen wasa ɗaya, sukan ci kusan awa huɗu ana tafiya a ƙafa, don haka takalmi mai daɗin sawa da ruwan sha wajibi ne.

Inda suka fi tsawaita magana shi ne lokacin bugu. Mai ɗaukar jaka ya tsaya cik a gefe, ya yi shiru, kada inuwarsa ta faɗi a kan ƙwallon, kuma kada ya taka hanyar da ƙwallon zai bi zuwa rami. Idonsa ya bi ƙwallon har inda ya sauka, ya riƙe wata bishiya ko tudu a matsayin alama, saboda tun 2019 minti uku kawai ake bayarwa a nemi ƙwallon da ya ɓace. A ganina wannan ce shawarar da ta fi amfani, domin nan ne sabon shiga zai iya taimakawa tun ranar farko.

Ya riƙe tawul mai jiƙaƙƙen gefe don goge sanduna, ya daidaita yashin kwarin yashi da ke filin bayan an buga ƙwallo daga cikinsa. Game da zaɓen sanda, yawancinsu sun ce kada ya ba da ra'ayi sai an tambaye shi.