Shin Carole King ta iya waƙa, ko tsarawa kawai ta iya?

Kawu Bala: Jiya da daddare na sake jin faifan Tapestry na Carole King daga farko har ƙarshe, kuma ina nan a kan bakana. Carole King gwanar tsara waƙa ce, wannan babu ja. Amma muryarta ba ta kai yabon da ake yi mata ba. Ku saurari "Natural Woman" a bakin Aretha Franklin a 1967, ku dawo ku saurari wadda Carole ta rufe faifanta da ita a 1971. Ko kusa ba a haɗa su.

Hadiza: Kawu, da girmanka, amma ban yarda ba. Aretha tana da gungun makaɗa da 'yan amshi a bayanta. Carole kuwa daga ita sai piyanonta sai kiɗan bes na mijinta na lokacin, Charles Larkey. Aretha shela take yi wa duniya, ita kuma kamar tana magana da mutum ɗaya a ɗaki bayan kowa ya kwanta. Akwai wurin da muryar ke ɗan dishewa idan ta hau sama, ba a gyara ba, aka bar shi haka. Ni wannan wurin nake jira duk lokacin da na kunna.

Kawu Bala: To 'yata, ai kin faɗa da bakinki. Murya ta dishe.

Malam Isa: Yaya Bala, bari in sa baki. Matar nan ta yi kusan shekara 10 tana tsara wa wasu waƙa a New York, ita ke haɗa kiɗa, mijinta na fari Gerry Goffin na rubuta baituka. Tana da shekara 18 suka yi "Will You Love Me Tomorrow", 'yan matan Shirelles suka rera ta, ta hau lamba ɗaya a Amurka. Tasu mai sauri ce, ta rawa. Da aure ya mutu ta koma Los Anjalis, sai ta ɗauko waƙar nan ta rage mata gudu, mawaƙa James Taylor da Joni Mitchell na yi mata amshi. Kalmomin ba su canja ba, amma tambayar da budurwa ta yi cikin zumuɗi ta koma tambayar matar da ta ga jiya ta ga yau. Wanda bai iya waƙa ba ba zai iya juya ma'ana da murya haka ba.

Anti Rakiya: Ni wani ɓangare na maganar Kawu na kama. Ana ta cewa faifan nan labarin zuciyarta ne, alhali baitukan "It's Too Late" Toni Stern ce ta rubuta su, baitukan waƙoƙi uku kuma na Goffin ne. Idan ana neman wadda ta rubuta komai da hannunta, ga faifan Blue na Joni Mitchell, shi ma 1971 ya fito, a situdiyo ɗaya, na kamfanin A&M, aka naɗe su duka biyun.

Hadiza: Gaskiya ne, Anti. Amma "So Far Away" da "You've Got a Friend" fa? Kiɗa da baituka duk nata ne. Kuma ku dubi yadda take kaɗa piyano. Farkon "I Feel the Earth Move" dukansa take kamar ganga, tun kafin ta buɗe baki ka san da ƙarfi ta zo. Furodusan, Lou Adler, ya sa piyano da murya a gaba, sauran kayan kiɗa suka koma baya, don ka ji kamar a gefen kujerarta kake zaune.

Kawu Bala: Piyano na ba ta. A nan ba ni da ta cewa.

Malam Isa: Mako 15 a jere faifan yana lamba ɗaya a jadawalin Billboard na faya-fayen da suka fi kasuwa a Amurka. A 1972 ta ɗauki kyautar Grammy 4, ciki har da ta gwarzuwar murya a cikin mata. Ta murya fa, Yaya.

Kawu Bala: Kyauta ba hujja ba ce, Isa. "You've Got a Friend" ma a bakin James Taylor ta hau lamba ɗaya.

Hadiza: Mahaifina yana da faifan garmahon, kwalinsa duk ya ci a gefe. Ina ƙarama nakan zauna ina kallon hoton: tana zaune a bakin taga babu takalmi, sanye da wandon jins, ga kyanwarta a gabanta. Ranar da muka dawo daga sadakar bakwai ɗinsa, na ɗora allura a kan "So Far Away". Ban iya kai wa ƙarshenta ba. Da muryar ta fi haka ƙarfi da ƙyalli, ina jin da na saurare ta lafiya lau ban zubar da hawaye ba. Don ta yi kama da ta mutum irina ne ta same ni.

Anti Rakiya: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kawu Bala: Amin. Har gobe Aretha ce tawa a "Natural Woman". Amma yau da daddare zan sake jin "So Far Away", ni kaɗai, in kashe fitila.