Sikanin biyu, magana biyu: wanne za mu bi?

Salamu alaikum likitoci. Yayata ce, shekararta 41, tana wanka ta taɓo ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a maman hagu, ba ya ciwo.

A nan Daura sikanin ya nuna siffar ƙwai, gefensa sumul. Aka rubuta BI-RADS 3 (makin da ake ba sakamakon hoton mama gwargwadon zargin sankara), wai mu dawo bayan wata 6. Hankalina bai kwanta ba, muka tafi Katsina. Likitan can ya daɗe yana goga na'urar a wurin, ya ce gefen ba sumul ba ne, har da inuwa a bayansa. Ya rubuta BI-RADS 4, a ɗebi nama da allura a gwada.

Yaya ta kafe, wai allura ke watsa sankara. Don Allah, sikanin kaɗai zai raba gardamar nan? Me zan faɗa mata?