Kalmar "post" ta jawo min matsala a makaranta, ku ba ni shawara

Malama (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi, aji biyu na ƙaramar sakandare. NCE gare ni, Hausa da Turanci na haɗa. Digiri dai Allah bai nufa ba tukuna, domin shekarar da na samu gurbi mahaifinmu ya kwanta, abin da aka tara duk ya tafi asibiti, bayan rasuwarsa aka yi aurena, ga yara biyu yanzu. Aikin nan ma mijin gwaggona ne ya yi min hanya, shi ya sa ba na son abin da zai zubar masa da mutunci. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma da shi nake rufa wa kaina asiri.

Ranar Laraba wani yaro ya ɗaga hannu. Ya ce yayansa yana jiran posting na bautar ƙasa, yayarsa tana shirin Post-UTME, a Facebook ana yin post, a filin ƙwallo akwai goal post, gidan waya kuma post office. Wai me ya haɗa su? Na ce masa asalin kalmar turke ne, sauran duk daga nan suka fito: soja yana tsayawa wurin gadi kamar turke, akwatin wasiƙa kuma a jikin turke ake kafa shi. Yaran sun ji daɗi har suka rubuta. Jiya sai ga uban yaron wurin mai makaranta, wai shaci-faɗi nake koya wa yara. Mai makarantar ta ce ran Litinin in tsaya gaban aji in janye maganata. Abin da ya shiga tsakanina da ita zangon da ya wuce ba sai na kawo shi nan ba. Wallahi ban runtsa ba. Maganata ba daidai ba ce? In na janye, da wane ido yaran za su ƙara kallona?

Maman Khairat:
Allah sarki 'yar'uwa. Kada ki janye komai. Haka suke, mai biyan kuɗin makaranta shi ne sarki. Ni inda na yi aiki sai da muka yi wata da watanni babu albashi, amma ranar da na tsawata wa ɗan wani Alhaji a take aka kira ni ofis. Ranar na ajiye musu allinsu, har yau kuɗina suna hannunsu.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ki saurare ni da kyau. Uban yaron bai kyauta ba da ya tsallake ki, amma a ilimi shi ke da gaskiya. Kalmomi ne daban-daban suka zo suka haɗu a rubutu ɗaya.

Ta turke daga Latin take, postis, wato ginshiƙin bakin ƙofa, kuma tana cikin Turanci tun kafin mutanen Normandy na Faransa su ci Ingila da yaƙi a 1066. Ita ce ta filin ƙwallo, wadda masu sharhi ke cewa ƙwallo ta bugi turke. Da yake a jikin turaku ake manna sanarwa, daga nan fosta ta samo suna. A nan kin yi daidai.

Ta wasiƙa kuwa ba ruwanta da turke. Daga Italiyanci posta ta biyo ta Faransanci, tushenta kalmar Latin ponere, ajiyewa. Zango ne da ake ajiye dawaki da mahaya a kan hanya. Mai ɗauke da saƙon sarki ya iso, a sauya doki ko mahayi, saƙo ya ci gaba ba tare da ya kwana ba. Sunan zangon ya koma kan mahayin, ya koma kan saƙon da kansa. A 1516 Sarki Henry na Takwas ya naɗa Brian Tuke shugaban wannan aiki, a 1635 Charles na Ɗaya ya buɗe shi ga jama'a. Akwatin wasiƙa na bakin titi bai zo Ingila ba sai a shekarun 1850. Kin ga kalmar ta girme wa akwatin da shekara ɗari uku, ta yaya za ta fito daga gare shi?

Ta wurin gadi da muƙami daga Italiyanci posto take, ita ma jikar ponere ce: inda aka ajiye mutum. Ita ce ta masu bautar ƙasa. Ta Post-UTME kuma wata ce dabam, ma'anarta "bayan", irin ta p.m. a agogo da P.S. a ƙasan wasiƙa. Ban ga kin faɗi abin da kika ce wa yaron a kan wannan ba. Ki je ki gyara, a fili.

Ɗan Maraɗi:
Baba ya yi gaskiya. Mu da muka yi boko da Faransanci abin bai ruɗa mu ba, don harshen ya raba su. La poste, ta mace, gidan waya. Le poste, na namiji, muƙami ko ofishin 'yan sanda. Turke kuma poteau. Turanci ne ya zuba su a ƙwarya ɗaya.

Malama:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma a duba min, littafin da aka ba mu babu ko layi ɗaya a kan asalin kalmomi. Aji cike, minti arba'in, yara 'yan shekara goma sha biyu. In na fara musu Latin da Italiyanci wa zai bi ni? Sauƙaƙa musu na yi don su riƙe. Kuma ai kun ce turken yana ciki, ke nan ba ƙarya na yi ba. To ta Facebook fa?

Abu Sadik:
Ta Facebook ta wasiƙa ce mana, saƙo ka aika. Ni shawarata ma Malama, ki daina amsa abin da ba ya cikin manhaja. WAEC ba ta tambayar asalin kalma. Yaro ya yi irin wannan tambaya ki ce ya duba ƙamus. Ki ba mai makaranta haƙuri a ofis, magana ta mutu.

Tsohon Hedimasta:
A'a Abu Sadik. Wasiƙa mutum ɗaya ake aika wa, abin da ka sa a Facebook kowa ke gani, manna sanarwa ne. Tun 1978 a Chicago aka fara allon sanarwa na kwamfuta, mutane suna liƙa saƙo wasu suna karantawa. Kuma in malami ya koma cewa "je ka duba ƙamus", me ya rage masa? Yaron nan ya yi tambayar da ɗalibai da yawa ba sa yi. Irin shawararka ce ta kashe mana makarantu. 'Yata, sauƙaƙawa daban, faɗin abin da ba haka ba daban. Yara sun rubuta a littafi, za su tafi da shi.

Ummu Aiman:
Ni da na ga posting sai da gabana ya faɗi. Ma'aikaciyar jinya ce ni, an tura ni wani ƙauye, maigida yana gari, ga goyo. Na kai takardar aure, na kai ta asibiti, waɗanda suka san wani duk an dawo da su. Wanda ya san hanya don Allah ya yi min magana ta akwatin sirri.

Anti Bilki:
Ƙanwata, ba sai kin furta "na janye" ba. Ke da kika karanta Hausa? Ki rubuta "kai" a allo. Kai na jiki, kai da nake nuna ka, kai saƙo gidan Liman. Rubutu ɗaya, kalmomi uku. Sannan ki rubuta "ci": cin tuwo, cin jarrabawa, cin amana, cin kasuwa, cin zaɓe. Wannan kalma ɗaya ce ta yi rassa. Ki ce musu post ta haɗa duka biyun, ki kira shi ƙarin bayani. Ki roƙi mai makaranta ta zauna a bayan aji ta gani.

Tsohon Hedimasta:
Darasin Bilki ya yi, amma sai ta fara da cewa na ranar Laraba a soke shi. In ba haka ba yara za su riƙe biyu.

Malama:
Anti, ita fa cewa ta yi in janye, da wannan kalmar, kuma na san dalilinta ba post ba ne. Baba, in na ce a soke, gobe duk abin da na faɗa sai sun kai gida an tantance. Uban ma da ya zo wurina da mun gama a tsakaninmu. Ina tunanin in sa mijin gwaggona ya kira ta kafin Litinin.

Maman Khairat:
Kada ki sa shi, raina shi za ta yi. Wai me ya faru ne zangon da ya wuce? Ki faɗa mana, ta nan za mu san inda aka dosa.

Abu Sadik:
Ni dai har yanzu ban yarda ta Facebook daga turke take ba. To me ya sa alamar saƙo a waya ambulan ce?