Yayana na son a sa Baba a gwajin tiyatar ƙwaƙwalwa, ku ba ni shawara

Ummi_Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu tela ne, ya fi shekara 40 yana ɗinki a nan Kumasi. Shekara 6 ke nan da likita a asibitin Komfo Anokye ya ce cutar Parkinson ce. Da farko maganin levodopa na riƙe shi sosai, yanzu kafin lokacin shan na gaba ya yi, jiki ya sandare. Jiya ina kallo ya yi ta fama da zare da allura, sau biyar bai zura ba, ya ajiye ya ce in kawo masa koko. Kokon ma rabi a riga ya ƙare. Yayana da ke Amurka ya kira, wai ana gwajin wata tiyata a can, yana son ya ɗauki Baba. Baba ya ce duk abin da muka yanke. Ni gabana faɗuwa yake yi.

Anti_Rabi: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Ni nas ce. Fara tambayar Yayanki wace tiyata yake nufi. Akwai DBS, wadda ake sa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa, a binne batir a ƙirji. Wannan ta wuce matakin gwaji, tun 2002 Amurka ta amince da ita. Tana rage karkarwa da sandarewa, amma ba ta warkarwa. Dashen sababbin ƙwayoyin halitta masu samar da dofamin, sinadarin da ke ƙaranci a ƙwaƙwalwar mai Parkinson, shi ake gwadawa. Gwajin da Jami'ar Kyoto da ke Japan ta fara a 2018 mutum 7 kacal aka yi wa, abin da aka fi son gani shi ne ko ba ya cutarwa.

Ga abin da mutane ba sa so su ji. A wasu gwaje-gwajen ƙuri'a ake yi. A wanda aka fitar da sakamakonsa a 2001, mutum 40 ne, rabinsu an huda ƙoƙon kai kawai ba a dasa musu komai ba, don a kwatanta. Cikin waɗanda aka dasa wa kuma wasu jikinsu ya riƙa fizga ba sa iya tsayar da shi. Sannan za a sha maganin danne garkuwar jiki, a yi ta komawa asibiti shekaru. Bizar ziyara za ta ɗauki wannan?

Alhaji_Nima: 'Yata, ni an taɓa ci na. Wani ya turo min bidiyo a WhatsApp, wai asibitin waje na yin dashen, na tura kuɗin rajista don ƙanena, daga nan lambar ta mutu. Gwajin gaskiya yawanci ba ya karɓar kuɗinka, kuma ranar da ka ce ka fasa, ka fasa. A nan Gana ma sai hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ta sa hannu kafin a fara. Amma maganar "duk abin da kuka yanke" ban yarda da ita ba. Kan wa za a huda? Ku karanta masa takardar amincewar da Hausa, layi-layi, shi ya ce e ko a'a.

Ummi_Aboabo: Na gode Anti, na gode Baba Alhaji. Na kira Yaya, ashe shi ma bai san wacce ba ce, abokin aikinsa ne ya ba shi labari. Ya ce zai nemo takardun. Ranar Talata muna da ganin likita, zan fara tambaya ko za a gyara masa lokutan shan maganin.