Shawarwari Kan Ankar Jirgin Ruwa Mai Filafilai

A wata majalisa da ke Ƙofar Soro a Katsina, tsofaffin ma'aikatan jiragen ruwa da suka yi zaman Legas sun tattauna batun anka, wato ƙarfen da ake sakewa zuwa ƙasan ruwa don ya tsai da jirgi wuri ɗaya, saboda ɗan wani daga cikinsu zai fara aiki a ƙaramin jirgi mai filafilai.

Bakinsu ya zo ɗaya cewa anka guda ba ta isa ba, a riƙe biyu masu ƙira daban. Ankar da ake kira Danforth tana kama yashi da laka sosai, ga ta shafal, ba ta cin wurin ajiya, amma ciyawar ƙasan teku na hana ta nutsewa. Mai siffar garma, irin su Delta, ita suka fi so a goshin jirgi.

An fi daɗewa kan igiyar anka. Ɗaya daga cikinsu ya ce a saki tsawon da ya ninka zurfin ruwa sau 5 zuwa 7, da sarƙa a kusa da ankar don kada dutse ya cinye igiya. Ni ma nan na fi ba muhimmanci.

Anka ta biyun a ajiye ta a ƙasa cikin jirgi, a ɗaure tamau. Idan kuwa sarƙa ce zalla a maimakon igiya, ƙarshenta a haɗa shi da jirgi da guntun igiya, yadda wuƙa za ta yanke shi idan hadari ya taso.