Ambaliya a ƙauyukanmu na Sudan: wane agaji ne ya yi muku amfani?

Ɗan Mai Wurno, Jidda
Assalamu alaikum. Mu 'yan gida mazauna Jidda mun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa don ƙauyukan da ruwa ya ci, sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Wasu sun ce a sayi buhunan dawa da sukari, wasu sun ce a tura kuɗin kawai. Mu dai a waya muke ganin ambaliya. Wanda abin ya taɓa shafa, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Baban Sadiya, Kasala
Wa alaikumus salam, Allah ya saka muku. Mu nan da kogin Gash muke fama. Yawancin shekara busasshe ne, yara har ƙwallo suke bugawa a cikinsa, amma daga Yuli zuwa Satumba sai ya sauko daga duwatsun Iritiriya, wani lokacin ko ɗigo ba a yi a Kasala ba. Da ya fasa a 2003, waɗanda suka fara isowa gare mu ba masu mota ba ne, samarin unguwa ne da shebur da igiya, suna ɗauko tsofaffi a kan angareb, wato gadon igiya. Abin da muka rasa a lokacin kuwa buhun wofi ne na ɗura yashi. Kada ku yi dariya. Buhu ɗari a hannun samari ashirin kafin ruwa ya iso ya fi buhun dawa ɗari bayan gida ya zube. Sai kuma mushamma, wannan ledar rufi mai kauri, don mai ita ya sami ɗaki a daren.

Maman 'yan biyu, kusa da Sinja
Baban Sadiya ya yi gaskiya, amma ku maza akwai abin da ba ku gani. Mu a 2020 abin ya same mu, shekarar da kogin Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a Hartum, ya wuce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku a Satumba. Ɗakin ƙasa ba ya faɗuwa ranar da ruwa ya shigo. Sai gindin bangon ya sha ya ƙoshi, ana ganin an tsira, sannan ya kwanta cikin dare. Shi ya sa muka kwashe yara muka koma makarantar firamare, mata aji ɗaya maza aji ɗaya.

An kawo mana garin dawa, Allah ya saka wa wanda ya kawo. To da me za a tuƙa? Itace jiƙaƙƙe, gawayi ya yi tsada, tukwane suna ƙarƙashin bango. Ga masai duk sun cika sun tumbatsa, ruwansu ya gauraya da na rijiya. Mace sai ta daure cikinta wuni guda tana jiran duhu. Babu mai kawo audugar mata ko sabulu, mu kuma kunya ba ta barin mu roƙa a gaban jama'a. 'Yan Hilal Ahmar, wato ƙungiyar agaji ta Red Crescent, sun raba ƙwayar tsarkake ruwa, amma tsofaffi suka ce tana wari, sai da limaminmu ya sha a gabansu bayan sallar la'asar suka yarda. Idan za ku saya, ku sa jarka mai murfi da gidan sauro a gaba, kuma cikin masu rabon a sami mace.

Manomi, Gadarif
Yaya ta Sinja, ku kun ma ga masu agajin. Duk wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif ya san da damina ta kama, daga inda kwalta ta ƙare lori ya gama aiki, sai tarakta ko amalanken jaki. Saboda haka kaya kan sauka a garuruwan bakin titi, a raba, a ɗauki hoto, a juya. Mu na ciki sai labari. Wata ƙungiya ta iso mu sau ɗaya, ta rubuta sunayenmu da yawan iyali, har yau ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Ku na Jidda, in kun ware kuɗin kaya ku ware na man tarakta, in ba haka ba kayanku a bakin titi za su ƙare.

Kuma babbar asararmu ba ɗaki ba ce. Ruwa ya shiga matmura, ramin da muke binne dawa, ya ruɓar da abincin shekara har da iri.

Malamin makaranta, Damazin
Baba na Gadarif, ka yi haƙuri in sa baki, don ni na taɓa riƙe biron rubuta sunaye, lokacin da madatsar Bout ta fashe a ƙarshen Yulin 2020 ta rushe gidaje sama da 1,200. Ba kullum cuta ce ba. Akan rubuta mutum dubu, abin da ya iso na ɗari uku ne, mai biro kuma shi ke shan zagi. Inda na ga ana kuskure sosai shi ne lissafin gida. Takardar tana cewa kowane gida kaso ɗaya. Mu kuwa gidanmu na gandu ne, uba da 'ya'yansa huɗu da matansu duk ƙofa ɗaya suke shiga, sai a ba su daidai da ango da amarya. Ku ce wa wakilinku ya ƙirga tukunya, kada ya ƙirga ƙofa. Almajiran halwa, wato makarantar allo, su ma sukan faɗi a lissafi, tunda ba gidan kowa suke ba. Mafi sauƙi a karanta sunayen a ƙofar masallaci kowa na ji, ga shehin gari ga dattawa.

Ƙanwar Malam, Fot Sudan
Duk abin da kuka faɗa na zamanin lafiya ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 lissafi ya canza. Da madatsar Arba'at ta fashe a Agustan 2024, kimanin kilomita 40 arewa da mu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙauyuka 20 ne suka shafe. Mutane kan duwatsu suka hau. Mu na cikin gari kuma ƙishirwa ta kama mu, don daga can yawancin ruwan shanmu yake zuwa, ga kwalara da aka sanar da ɓullarta a watan. Jarkar ruwa ta zama abin lissafi kamar nama.

Ni ina bayan masu cewa a tura kuɗi, amma ga amintacce. Ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, yake isa nan take in akwai intanet, sai dai mai canza maka zuwa kuɗin hannu yakan yanki nasa, ku sa wannan a lissafi. Masu takiyya, wato girkin taro da samari da matan unguwa suke yi, su suka fi sanin wanda ya kwana da yunwa, kuma kuɗi kaɗan yakan yi nisa a hannunsu.

Ɗan Mai Wurno, Jidda
Na karanta wa jama'a duka. Tambaya ɗaya ta rage: a tura gaba ɗaya yanzu, ko a raba?

Manomi, Gadarif
A raba, ɗana. Rabi yanzu don mushamma da jarka da sabulu da man tarakta. Rabi ku riƙe sai Oktoba, lokacin da ruwa ya janye, masu hoto sun tafi, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da rabin gari. A nan ake neman kuɗin magani, da na maginin da zai tayar da ɗaki kafin sanyi. Na bakin kogi kuma ku saya musu irin kuɓewa da wake da kabewa, su shuka a lakar da ruwan ya bari tun tana da danshi.