Kalmasar da ba a ganin ɗinkinta: abin da teloli suka ce

A wata hira da teloli suka yi kan kalmasa ƙafar wando ko bakin siket da keke ba tare da zare ya fito a fuskar yadi ba, an fi daɗewa a kan ninki. A fara goge kalmasar zuwa ciki, sannan a juya ta baya a bar bakin yadin ya leƙo kamar kwatar inci. A kan wannan ɗan bakin keke ke tafiya, yana ɗinki miƙaƙƙe kaɗan, sai allura ta yi tsalle gefe ta ɗan ciji ninkin. Cizon nan shi ne aikin duka. In ya yi zurfi zare zai bayyana a waje, in bai kai ba kalmasa ta saki, don haka a riƙa rage faɗin ɗinkin har allura ta kama sili ɗaya ko biyu kawai.

Akwai ƙafar keke ta musamman mai ɗan ƙarfe a tsakiya da ninkin ke bi. A kekunan Brother ita ce mai alamar R. Tsohon baƙin keke irin Butterfly ba ya zigizag, wato allurarsa ba ta tsallen gefe, sai dai a yi da hannu.

An ɗan saɓa kan yadi. Wasu sun ce kowane iri yana yi, amma ni ina tare da masu cewa yadin kwat mai kauri ya fi ɓoye zare, shadda mai sheƙi kuwa tona shi take yi. Zare ya dace da launin yadin, a sassauta na sama kaɗan in ana ganin tattara, kuma a gwada a ƙyalle kafin a taɓa kayan mutane.